Tsofaffin bututun ruwa a gidajenmu na Kurmi: yaushe ake gyara, yaushe ake sauyawa?

Yau bayanin namu a kan bututun ruwa ne na cikin gida: ire-irensa, yadda ake gane ya tsufa, yadda ake gyara shi, da lokacin da gyara ba ya da sauran amfani sai dai a cire a sa sabo. Na haɗa shi ne daga abin da nake gani a gidajen haya na unguwanninmu, da abin da na koya wajen tsayawa kan masu gyaran famfo in suna aiki a gidanmu da na maƙwabta.

Magana ɗaya nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Bututun da ya fashe ɓarna biyu yake yi. In akwai ruwa a ciki, yana zubar da shi. In ruwa ya ɗauke, yana zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi zuwa ciki. Ta farkon kowa na ganinta, kuma aljihu take taɓawa. Ta biyun ba a ganinta, ita ce kuma mai kai mutum asibiti.

Me ya sa abin ya fi damun unguwanninmu?

Yawancin unguwannin Hausawa a kudu tsofaffi ne. Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta. Gidan ruwa na Iju, da ke kusa da Agege a Legas, an buɗe shi a 1915, madatsar Eleyele ta Ibadan kuma a 1942. Wato ruwan famfo ya daɗe da shigowa waɗannan garuruwa, kuma gidaje da dama a Sabo, Agege, Idi-Araba, Obalende da Sabon Sagamu har yanzu da bututun ƙarfen da aka sa shekaru aru-aru suke aiki.

Sai kuma cunkoso. Gida ɗaya mai ɗakuna goma ko sha biyu, kowa na kallon ƙofar kowa, famfo ɗaya ko biyu a tsakar gida, bayan gida da sokawe a manne da su. Saboda ƙarancin fili, sau tari a cikin kwata ake bi da bututu, don nan ne ba sai an fasa siminti ba. Duk wanda ya zaga Legas ya ga irin siraran bututan nan kwance cikin baƙin ruwan kwata, an ɗaɗɗaure su da roba.

Na uku shi ne ruwan kansa. A wurare da yawa na Legas, Fatakwal da yankin Neja Delta, ruwan burtsatse yana da ɗan tsami na asid, wani kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe. Irin wannan ruwa yana cin bututun ƙarfe da sauri. Ga damina mai tsawo, ƙasa kullum a jiƙe, sai tsatsa ta kama shi ciki da waje.

Ire-iren bututun da ake samu a gida

Na ƙarfe, wanda ake ce wa GI. Ƙarfe ne da aka shafe da tutiya, irin shafin da ke jikin kwanon rufi. In shafin ya cinye sai tsatsa ta fara taruwa a ciki tana toshe hanya, har bututun rabin inci ya koma da ƙyar tsinke zai wuce. A gaɓoɓi yake fara hujewa, wajen da aka yanka masa zare, don nan ne ya fi siranta.

Na roba, PVC. Shi ne fari ko ruwan toka da ya cika kasuwa, da gam ake haɗa shi. Ba ya tsatsa, yana da araha. Amma rana tana busar da shi har ya riƙa tsagewa, kuma ba ya jure ruwan zafi. A kula, kala uku ake sayarwa masu kama da juna: mai kauri na ruwan famfo, mai sirara na zubar da ruwan wanka da na bayan gida, da na saka wayar wuta. Na farkon kawai ake sa wa ruwa mai ƙarfi.

PPR. Yawanci kore ne, wani fari. Ba a sa masa gam, da injin zafi ake narka bakinsa a haɗe, sai gaɓar ta zama abu ɗaya. Yana jure ruwan zafi da na sanyi, shi ya fi dacewa da cikin bango. Da milimita ake auna shi: mai 20 shi ke tsayawa matsayin rabin inci, mai 25 matsayin inci uku bisa huɗu, mai 32 matsayin inci ɗaya. Shi ma ba ya son zama a rana.

Baƙin bututu mai zuwa a naɗe, wanda ake kira HDPE. Yana lanƙwasuwa, kuma ana iya jan sa mita da yawa babu gaɓa ko ɗaya. Shi ya fi kyau a binne daga bakin titi ko daga burtsatse zuwa gindin tanki, tunda yoyo a gaɓa ya fi faruwa.

Alamomin da ke nuna bututu ya gaji

Ruwa ya rage ƙarfi alhali tanki a cike yake. In famfo ɗaya ne, a kwance kansa a duba, ƙila datti ne ya toshe. In duk gidan ne, to tsatsa ta cike babban layi.

Jan ruwa. A nan akwai gwaji mai sauƙi. In ruwan farko na safe ne yake fitowa ja, bayan ɗan lokaci ya washe, laifin bututu ne. In kuwa yana fitowa garau, sai ya zauna a bokiti sannan ya koma ja, to daga burtsatse ne ƙarfen yake, sauya bututu ba zai magance shi ba, matata ake buƙata. Mutane da yawa sun kashe kuɗi a banza don ba su bambance waɗannan biyun ba.

Bango yana jiƙewa, fenti yana kumbura yana ɓarewa, ko gansakuka ta fito a wuri ɗaya. Haka in wani gefe na tsakar gida ba ya bushewa ko da rani.

Tanki yana ƙarewa da wuri, kullum ana tada janareta ana buga ruwa. Don a tabbatar, a cika tanki bayan sallar isha'i, a rufe duk famfunan gida, a yi alama a inda ruwa ya tsaya, a roƙi 'yan gida kada kowa ya ɗiba. Da asuba a duba. In ya sauka, akwai inda yake zurarewa.

Ruwa yana wari ko yana zuwa da baƙin datti a duk lokacin da ya dawo bayan ɗaukewa. Wannan ita ce alama mafi haɗari, kada a sha wannan ruwa.

Kada a raina ɗiga. A tara gorar ruwa mai santilita 75 a ƙarƙashin wurin. In ta cika cikin minti 10, lita 4 da rabi ke nan a awa ɗaya, lita 108 a kwana ɗaya, wato sama da jarka huɗu masu lita 25. A wata kuwa ya haura lita 3,000, tankin lita 1,000 har sau uku. Kowa ya lissafa da kuɗin da mai ruwa ke sayar da jarka a unguwarsu, ko man da janareta ke sha.

Yadda ƙazanta ke shiga bututu

Muddin ruwa na cike da bututu yana turawa, waje yake fita ta ramin. Amma ruwan gwamnati ba kullum yake zuwa ba, tanki ma yana ƙarewa. Da zarar layin ya zama fanko, sauran ruwan da ke gangarawa ƙasa yana jawo iska a bayansa, sai ramin ya koma zuƙa, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. In wurin a cikin kwata yake ko kusa da sokawe, abin da ke wajen shi zai shiga. Da ruwa ya dawo sai ya kwaso shi zuwa bokitin girki da butar alwala. Masu haɗa injin ja kai tsaye a layin gwamnati suna ƙara tsananta wannan zuƙar, su jawo wa kansu su jawo wa maƙwabta.

Kwalara da taifod ta ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa suke yaɗuwa. Ba mu manta da ɓarkewar kwalara a Legas a watan Yunin 2024 ba, wadda ta fi tsanani a Lagos Island. A gidan da mutum talatin ke shan famfo ɗaya, rami ɗaya a cikin kwata ya isa ya kwantar da gida guda. Shi ya sa nake cewa ɗaurin roba a bututun da ke cikin kwata ba gyara ba ne. Yana rage fitar ruwa, amma ba ya hana shigar datti.

Gyara ko sauyawa?

Ana gyara in bututun roba ne mai sauran ƙarfi, kuma wuri ɗaya ya samu matsala: an taka shi, ƙusa ta huda shi, ko gaɓa ɗaya ta saki.

Ana sauyawa in na ƙarfe ne ya huje sau biyu ko uku a layi ɗaya, don duk tsawonsa shekarunsu ɗaya, ka toshe nan gobe can ya ɓalle. Ana sauyawa in PVC ya bushe har yana karyewa kamar ƙwai in an sa masa zarto. Ana sauyawa in an gano mai sirara aka sa a wurin mai kauri. Kuma duk layin da ya bi ta kwata ko gefen sokawe, ko lafiyarsa ƙalau, a canja masa hanya.

In kuɗi bai kai a yi gaba ɗaya ba, a bi shi daki-daki. A fara da wanda ke cikin kwata, sai babban layi daga tanki, sai na kicin, sannan na banɗaki. Kuma ba dole ne a fasa bango a tono tsohon ba. Ana iya yanke shi a toshe, a bi da sabo ta jikin bango a kama shi da maƙalai. Ya fi araha, kuma duk ranar da ya yi yoyo ido zai gani.

Yadda ake gyaran PVC

Kayan aiki: zarton ƙarfe, samfefa, gam na PVC, tsumma busasshe, guntun bututu mai kauri da faɗi irin na wanda ya fashe, da soket biyu, ko soket ɗaya da yuniyan in wurin ya matse.

1. A rufe ruwa daga gindin tanki, a buɗe famfon da ya fi ƙasa don layin ya tsiyaye.
2. A yanke wurin da ya lalace, a ƙara ɗan tazara kowane gefe, don tsagewa takan wuce inda ido ke gani. Yankan ya miƙe, kada ya karkace.
3. A goge bakin da samfefa, a share da tsumma. Dole wurin ya bushe sarai, gam ba ya kama jiƙaƙƙen bututu.
4. A gwada haɗawa ba gam, a tabbatar tsawon ya yi daidai.
5. A shafa gam a wajen bututu da cikin soket, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, a riƙe kamar daƙiƙa 30.
6. A bar shi ya sha iska gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. In da hali a bar shi ya kwana kafin a sake masa ruwa mai ƙarfi.

Wasu masu gyara sukan ƙona takarda su gasa bakin bututu su buɗa shi don kada su sayi soket. Kada a yarda. Wurin da aka gasa yana siranta, nan ne zai fara fashewa, kuma kuɗin soket bai kai kuɗin sake kiran mai gyara ba. Gam ɗin kuma yana kama wuta, warinsa na hawa kai, a yi aikin inda iska ke shiga, nesa da risho da yara.

PPR da na ƙarfe

Aikin PPR na mai inji ne. Injin yana kaiwa zafin digiri 260, kuma daƙiƙoƙi kaɗan ake ɗora bututun: kamar 5 ga mai milimita 20, kamar 7 ga mai 25. In an wuce haka robar tana narkewa ta toshe cikin gaɓar, sai a gama aiki ruwa ya ƙi ƙarfi. Ba a murɗa shi in an haɗa, turawa kawai ake yi a riƙe. Ka ce wa mai aikin ya haɗa guntu ɗaya a gabanka, ka leƙa cikinsa. In ramin a buɗe yake, hannunsa ya iya.

Wajen haɗa roba da tsohon ƙarfe ko da kan famfo, akwai mahaɗi mai zare da aka yi don haka. A naɗa farin tef ɗin zare ta yadda ake ɗaure noti, kada a matse da sifana fiye da kima, don zaren roba yana tsagewa. In za a kwance tsohon GI, sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, in ba haka ba sai ya karye a cikin bango aiki ya ƙaru.

Abu biyu game da wuta. Kafin a fasa bango a kashe wutar gidan, don waya da bututu sukan bi hanya ɗaya. Sannan a wasu tsofaffin gidaje a jikin bututun ƙarfe aka ɗaura wayar da ke kai wuta ƙasa. In an cire ƙarfen an sa roba, wannan kariya ta tafi, sai a kira mai gyaran wuta ya kafa mata nata ƙarfen a ƙasa. Wanda ya taɓa jin famfo yana jan sa, ya gaggauta yin wannan.

In za a shimfiɗa sabon layi

A nisanta shi da kwata da sokawe. In dole sai ya tsallaka kwata, ya bi ta sama, a zura shi cikin wani bututu mai faɗi, kuma kada a yi gaɓa a daidai wurin. In ya haɗu da bututun bayan gida, na ruwan sha ne a sama.

A binne shi da zurfi, aƙalla kamu biyu, a zuba yashi ƙasa da sama don dutse kada ya huda shi. Inda mota ke bi a ƙara zurfi. Mu da muka tashi a harkar shanu mun san wannan: a kara, ko a gidan da ake ɗaure dabbobi kafin babbar sallah, bututun da ke kwance a sama ba ya kai mako, kofato da tayar tirela sun gama da shi. Wanda ya rage a rana kuma, kamar mai hawa tanki, a shafa masa fenti.

A fito daga tanki da mai faɗi, inci ɗaya, sannan a rage zuwa uku bisa huɗu da rabin inci a rassa. Ƙarfin ruwa daga tsayin tanki yake zuwa, amma siririn layi da yawan kwana suna cinye shi. A sa makulli a gindin tanki, a sa wa kowane reshe nasa, don in banɗaki ya lalace kada a hana kicin ruwa. Kusa da inji da tanki a sa yuniyan, don a iya kwancewa ba sai an yanka ba.

Kada a bari a rufe rami ko a yi filasta sai an sake ruwa an bar shi a cike, duk famfuna a rufe, na tsawon yini ko kwana, an bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya da busasshen hannu. Kafin a rufe a ɗauki hoto da waya, wata rana shi zai nuna inda layin ya bi.

Bayan an gama, a buɗe famfuna ruwa ya zuba har ya washe, a wanke tanki. Ruwan sha na kwanakin farko a tafasa shi, ko a sa maganin tsabtace ruwa irin WaterGuard bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar.

Mai gida, ɗan haya da mai gyara

Mafi yawanmu haya muke, kuma a nan rigima take tashi. Abin da aka saba shi ne, kan famfo da abin da mutum ya lalata da hannunsa na ɗan haya ne, babban layi da abin da ke cikin bango ko ƙasa na mai gida ne. Amma kada ɗan haya ya fasa bango ko ya canja layi bai sanar ba. A kira mai gida ko wakilinsa ya gani da idonsa. In an yarda 'yan haya su yi aikin a cire a kuɗin haya, a rubuta a takarda, a sa hannu gaban shaidu, a ajiye rasit. In an kasa daidaitawa, a kai wa shugabannin unguwa ko fadar Sarkin Hausawa kafin abin ya zama gaba. Baƙo ne kai a garin mutane, takarda ta fi maka fatar baki.

Layin gwamnati da ke bakin titi kuwa na hukumar ruwa ta jiha ne. In ya fashe a kai rahoto, kada a taɓa shi, kada kuma a yarda wani ya huda maka shi da dare.

Wajen ɗaukar mai gyara, a nemi wanda ya yi wa wani na sani aiki. Ya rubuta kayan da ake buƙata, a je kasuwa tare ko a saya da kai, a duba rubutun da ke jikin bututun da kaurin bakinsa. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, kuma a riƙe wani abu sai an gwada layin.

Shawarata ga kowane gida ita ce a ware rana ɗaya kafin damina ta kankama, a bi layin ruwa daga tanki har famfo na ƙarshe, a ga inda ya bi da abin da yake kwance a ciki. In an samu ko taku ɗaya a cikin kwata, 'yan gida su haɗa kuɗi a ɗaga shi a wannan makon, kada a jira mai gida ya ga dama. Mai wata tambaya ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwanmu masu sana'ar gyaran famfo, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya a inda muke neman abinci, amin.